Rigar da Inna Rabi Ta Auna a Hannu

Amira, ke nake rubuta wa wannan, ko da yake yanzu shekararki uku, abin da kika sani a duniya bai wuce cincin da bayan Umma ba. Wata rana za ki iya karatu, kuma na san kafin ranar wani zai riga ni zuwa kunnenki, domin maganar ta riga ta isa Kano. Ran Juma'ar da ta wuce Umma ta kira ni, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Zulai, me nake ji? Wai kin ƙwace wa tsohuwa rigar sanyi kin bar ta a daji har ta kusa mutuwa? Wai kuma kin mari hannun dattijo yana riƙe da ruwan addu'a? Haka na rene ki?"

Na ce mata, "Umma, ki yi haƙuri." Ban ƙara komai ba, kuma za ki ji dalili. Da na ajiye wayar na fita na sayo wannan littafin rubutu. Wata biyu ke nan da abin, amma har yau in na buɗe firij sanyin ya bugi fuskata sai gabana ya faɗi.

Gidan da nake aiki yana Shumaisi, tsohuwar unguwa ce a tsakiyar Riyad. Mu uku ne Hausawa a gidan. Ni ce ƙarama, shara da wanki da guga nawa ne. Sai Inna Rabi, mai girki, mutumiyar Damagaram, ta girmi Umma, ta fi shekara goma a gidan. Tun ranar da na zo ta ji ni Bakanuwa ce ta sa ni a gaba da tsokana. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai in ranta ya ɓaci. Kullum "Bakanuwa, zo ki ɗanɗana, ko da yake ku ba ku san daɗi ba." Amma ita ce ta koya mini yadda ake gaishe da Madam, matar mai gidan, ita ce take ɓoye mini nama a ƙarƙashin shinkafa, ita ce ta zauna a kaina daren da na yi ta kukan kewarki. Na uku shi ne Baba Sale direba. Ya fi mu duka daɗewa a ƙasar, Larabci a bakinsa kamar ruwa, saboda haka duk maganar da za ta tashi daga sama ta sauko gare mu, ko ta tashi daga gare mu ta hau sama, ta bakinsa take bi. Ki riƙe wannan, domin a nan abin ya lalace.

'Yar masu gidan, Anti Rim, tana da wata sana'a da ni da farko na ɗauka wasa ce. In sanyi ya shigo, sai ta tara mata 'yan'uwanta, kowace ta goya jaka a baya, su tafi daji su hau duwatsu da ƙafa, su kafa tanti su kwana. Su suna ce wa irin wannan fitar kashta. Mutanen da Allah ya ba gado mai laushi su ne suke neman tsakuwa su kwanta a kai, ni dai ban gane ba. A bana ta ce tana son abinci mai zafi a can, ba na gwangwani ba, don haka za a tafi da Inna Rabi, ni kuma in taya ta.

Kwana uku kafin tafiyar ta tara matan a falo tana yi musu bayanin kayan da za su saya. Ni ina zuba musu gahawa. Rabin maganar Larabci rabi Turanci, kuma Turancin da na yi a sakandare, wanda kowa ya ce ba zai amfane ni da komai ba, shi ya buɗe mini kunne a ranar. Na rage sauri da gangan, ina jujjuya kofuna a kan tire. Ta baza riguna uku a kan kafet. Ta ce riga ba ta da zafi na kanta, jikin mutum ne yake yin zafin, aikin rigar kawai ta tare iska ta riƙe shi kada ya gudu, shi ya sa wadda ta fi kumbura ta fi wadda ta fi nauyi. Ta ɗaga ta farko, jaket mai gashin agwagwa a ciki, ta ce babu wadda ta kai ta ɗumi, amma da ruwa ya taɓa ta gashin zai dunƙule, ta tashi daga aiki. Ta biyu a ido kamar ta farko, amma abin da aka cusa mata zaren roba ne, ta ce ba ta kai waccan ɗumi ba, sai dai ko ta jiƙe tana riƙe mutum, kuma nan da nan ta bushe. Ta uku falmaran ce, ba hannu, ta ce ita ake sawa in ana hawa ko ana aiki, don ƙirji ya ji ɗumi hammata ta sha iska, kada mutum ya yi gumi. Daga nan ta ɗauki tawul ɗin auduga daga kan tirena, ta tsiyaya masa ruwa, ta tsiyaya wa hannun jaket ɗin robar. Ruwan ya gangare daga jaket ɗin, tawul kuwa ya shanye nasa. Ta ɗaga shi sama ta ce wannan shi ne yake kashe mutane a daji, auduga tana shan gumi ta riƙe, in iska ta taso sai ta zama ƙanƙara a jikinka. Matan suka yi dariya suna ɗaukarta hoto. Ni ban yi dariya ba, na dai ji, na kuma riƙe.

Washegari ta kira Baba Sale, ta nuna masa hoton jaket ɗin robar a wayarta, ta ce ya kai mu wani kanti ya saya mana irinta, kowa ɗaya, tunda mu ne masu taɓa ruwa. Da idona na ga hoton. Ya ce, "Hadir, hadir," wato an gama, yana gyaɗa kai.

Bai kai mu kantin da ta faɗa ba. Unguwar Sulay ya kai mu, mai manyan ɗakunan ajiya da garejoji, wurin wani saninsa mai sayar da kayan sanyi dila-dila. Muna shiga Inna Rabi ta gyara mayafi ta shiga aikin da ta iya. Amira, kin san yadda iyayenmu suke sayen yadi. Ba a tambayar mai kaya. A ɗora a tafin hannu, a ɗaga, a sauke, a murza bakin tsakanin yatsu. Shadda in ba ta da nauyi ba shadda ba ce, atamfa in ta yi sakayau ta 'yan talla ce. Da wannan hannun Inna ta aurar da 'ya'ya mata huɗu ba a taɓa cutarta a kasuwa ba. Ta bi layin tana ɗagawa tana ajiyewa, har ta kai ga wata jaket ruwan ƙasa, doguwa har gwiwa, wajenta kaki mai kauri, cikinta an cusa auduga kamar katifa. Da hannu biyu ta ɗaga ta, fuskarta ta washe.

"Yawwa, ga riga! Bakanuwa, zo ki ji. Kamar an ɗora miki ɗan akuya."

"Ai Hajiya kin san kaya," in ji Baba Sale. "Waɗancan masu sheƙi ledoji ne aka hura wa iska don a ci kuɗin Larabawa."

Mai shagon, wani mutumin Bangaladash, ya matso yana girgiza kai. Ya taɓa rigar ya ce, "Mama, haza koton. Moya, mushkila." Wato auduga ce, in ta sha ruwa akwai matsala. Baba Sale ya ɗaga masa hannu ya ce halas, wato ya isa, mutumin ya ja baya.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

"Inna, na ji Anti Rim ta ce..."

Baba Sale ya juyo ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

"Ke yaushe kika zo ƙasar nan?"

"Bara, Baba."

"Bara. To ni sanyin ƙasar nan na ashirin da ɗaya nake shirin shiga. Ana magana da manya kina tsoma baki. Ɗauki taki mu tafi, ina da wurin zuwa."

Sai na rufe bakina. Wannan shi ne laifina, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. Na san abin da na ji, na ga tawul ɗin nan da idona, amma an rene ni a kan cewa yarinya ba ta gyara wa babba zance a gaban namiji, sai na sunkuyar da kai kamar 'yar kirki. Na je can ƙarshen layi na zaro wata baƙar jaket ta roba irin ta hoton, har da ɗan ɗinki a aljihunta. Babu wanda ya miƙa wa Inna ita. Babu wanda ya ce ta gwada. Ita da kanta ta ɗaga ta da yatsa biyu ta tuntsire da dariya.

"Kai, Kanawa! An kawo ki wurin kaya kin ɗauki ledar burodi. In iska ta kwashe ki ni ba ruwana."

Haka aka yi a shagon nan. Mu huɗu ne a wurin, kuma Allah yana gani.

Ranar tafiya mun yi kusan awa biyu a mota, har kwalta ta ƙare, har hanyar ƙasa ma ta ƙare a gindin wani dogon dutse. Daga nan sai ƙafa. Matan su tara ne, ga mu biyu, ga Baba Sale da wasu maza biyu da aka ɗauko don dakon tantuna da ruwa. Tawa jaket ɗin na naɗe ta ta koma kamar ƙullin tuwo, na cusa a jaka. Ta Inna kuwa ba jakar da za ta ɗauke ta, sai ta saka ta a jiki. Da rana ne, rana tana nan sama, muna hawa. Kafin mu kai rabin hanya gumi yana zuba daga haɓarta, tana haki, tana dafa duwatsu. Anti Rim tana can gaba da baƙinta, ba ta waiwayo ba sai da muka isa.

Muna isa aiki ya fara. Inna ta durƙusa gaban wuta ta dafa kabsa, shinkafar Larabawa da nama, ta mutum goma sha huɗu, ga miya, ga shayi tukunya bayan tukunya. Wuta a gabanta, rigar nan a jikinta. Da rana ta faɗi sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Mu da muke gida muna cewa Saudiyya ƙasar zafi ce, ba mu san komai ba. Sanyin nan bai yi sallama ba, faɗowa ya yi lokaci ɗaya kamar an buɗe ƙofa, iska ta biyo kwazazzabo tana shiga kunne. Na zaro ledar burodina na saka, na ja zif har wuya, ba a jima ba na ji jikina ya dawo. Bayan isha muka wanke tukwane. Hannun rigar Inna ya yi kauri, ba ya naɗuwa, ya sha ruwa har gwiwar hannu. Na taɓa bayanta na ji shi sharkaf.

"Inna, rigar nan ta jiƙe. Ki cire mu shanya a bakin wuta, ki sa tawa kafin ta bushe."

"In cire a ina? 'Yar shimi ce fa da rigar atamfa a ciki, ga maza can zaune. Bar ni, ɗiyar nan, nauyinta ma kaɗai ya isa ya kori sanyi."

Na sake yin shiru, karo na biyu. Tantinmu yana can gefe kusa da wurin girki, inda iska ta fi bugawa. Matan kowace tana da jakar barci, irin wadda mutum yake shiga a zuge shi. Mu bargo ɗaya ɗaya aka ba mu. Inna ta kwanta da rigarta. Ina jin haƙoranta suna haɗuwa, na matsa na jingina da bayanta, gajiya ta ɗauke ni.

Da asuba na farka ban gan ta ba. Butarmu ma ba ta nan. Na ce alwala ta tafi, na jira, na jira, gari ya fara yin fari. Sai na ji muryar Baba Sale a bayan wani dutse yana salati da ƙarfi. Na fita da gudu ba takalmi.

Amira, abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Inna Rabi tana zaune a ƙasa, buta a kife a gefenta. Ta cire ɗankwali ta yar, furfurarta a waje. Ta zare hannu ɗaya daga jaket ɗin, ta yage wuyan rigar atamfar har ƙasa, ƙirjinta a buɗe. Matar da ko a ɗakinmu sai ta juya mini baya take canza kaya. Leɓenta ya yi toka-toka. Ta daina rawar sanyi gaba ɗaya, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Magana take yi kamar harshenta ya yi mata nauyi, tana cewa zafi take ji, a buɗe mata taga, tana kiran sunan mahaifiyarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Mazan nan biyu sun juya baya. Baba Sale yana tsaye nesa da ita da kwanon sha a hannu, ya cika shi da ruwa yana tofawa.

"Kar ki taɓa ta!" ya daka mini tsawa. "Mutanen wurin ne suka shige ta. Ta zuba musu ruwa a gida. Ja baya in yayyafa mata."

"Baba, sanyi ne! Sanyi ne ya kama ta!"

"Sanyi ne yake sa mutum ya tuɓe? Kauce, mara kunya!"

Ya matso ya tsoma yatsu a kwanon. Ruwan da ya kwana a waje, wanda ya sa bakin buta ya daskare. Ba na raina addu'a, Allah ya sani, ni ma ita nake yi a zuciyata a lokacin. Amma na ga hannun nan ya ɗago zai watsa wa ƙirjin Inna ruwa, sai nawa hannun ya riga tunanina. Na doke kwanon. Ya yi sama ya faɗi kan dutse, ƙararsa ta cika kwazazzabon. Eh, na doke shi. Wannan ɓangaren na labarinsu gaskiya ne, kuma ko yau aka mayar da ni wurin sai na sake.

Na durƙusa na janye mata jaket ɗin. Wallahi da ƙyar na ɗaga ta, ta yi nauyi kamar tabarmar da ta kwana a ruwan sama, ga sanyi kamar ƙarfe. Na kwance zanina na sama na rufe ta, na zare jiƙaƙƙiyar rigar ta ƙarƙashinsa, na cire jaket ɗina da ɗumin jikina a ciki na saka mata, na ja zif. Ina yi ina ƙwala wa Anti Rim kira da duk yaren da ya zo bakina. Ta fito a guje, kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta jawo jakar barcinta, muka cusa Inna, ta ce in shiga tare da ita in rungume ta. Na shiga. Jikinta kamar na rungumi randa. Na manna ƙirjina a bayanta ina ce mata, "Inna, ni ce, Bakanuwa ce, ki zage ni mana, don Allah ki zage ni." Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san rana ta taɓa saman dutse lokacin da na ji jikinta ya fara karkarwa, Anti Rim ta ce alhamdulillah, karkarwar alheri ce. Da ta iya haɗiya aka ba ta shayi mai sukari kaɗan-kaɗan. A cikin bargo mazan suka sauko da ita, aka wuce asibiti.

A barandar asibitin ne aka yi mini abin da har yau yake hana ni cin abinci. Anti Rim ta zo riƙe da jaket ɗin audugar a leda, ranta a ɓace, ta tsaya gaban Baba Sale ta tambaye shi wa ya saya wa Inna wannan, bayan ta nuna masa hoto. Ina zaune a benci, ƙafafuna duk yanka. Bai ko yi jim ba. Ya dafa ƙirji ya shiga zuba Larabci, yana nuna ni da haɓa. Larabcina bai kai na mayar da magana ba, amma ya kai na ji. Ya ce irin ta hoton ɗaya ce ta rage a shagon, ya miƙa wa tsohuwa, yarinyar nan ta fizge ta ce ita ta fara gani. Ya ce ya yi mini faɗa ban ji ba. Ya ce yaran yanzu sai addu'a.

Anti Rim ta juyo ta dube ni. Na miƙe. Na nemi Turancin nan nawa, ko kalma ɗaya ba ta zo ba, sai hawaye. Ita kuwa ta ɗauki hawayen a matsayin amsa. Tun ranar ba ta ƙara ce mini komai ba sai ɗauko da ajiye.

Mutumin da ya hana mai shago magana. Mutumin da ya tambaye ni yaushe na zo ƙasar. Mutumin da ya tsaya taku biyar daga matar da take mutuwa, da farwarsa mai gashi a kafaɗa, irin bargon rigar nan ta Larabawa, bai cire ya jefa mata ba. Shi ne ya je wurin cin tuwon da mutanenmu suke taruwa ran Juma'a ya ba da labari, har da cewa addu'arsa ce ta kori abin da ya kama ta duk da na zubar da ruwan. Daga nan waya ta ɗauka. Matar da take yi mini kitso ta ce hannunta yana ciwo. Wadda muke gaisawa a bakin masallaci ta koma kallon takalminta. Kuma duk ranar da Madam ta aike ni kasuwa, motarsa nake shiga, in zauna a baya ina kallon ƙeyarsa, in ce, "Ina kwana, Baba," ya ce, "Lafiya lau, 'yata."

Duk da haka ban karaya ba, domin na ce Inna tana nan, in ta warke za ta faɗa. Sanyin ya sauka mata a ƙirji, ta jima a kwance. Ranar da aka sallamo ta na kai mata kunu ɗaki, na rufe ƙofa, na zayyana mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba. Ta ce ita daga ɗaukar buta ba ta tuna komai ba sai fitilar asibiti. Sannan ta kama hannuna, ta rage murya.

"Zulai, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da gaske a buɗe suka gan ni?"

Ta kira sunana. Na kasa ɗago kai.

"Malam Sale ya zo duba ni," ta ce. "Ya ce in kwantar da hankalina, ya rufa mini asiri, bai gaya wa kowa yadda ya same ni ba. Ya ce sai dai in an matsa masa da bincike, to dole ya faɗi komai daga farko."

"Inna, wannan ai ba rufin asiri ba ne, tsoratarwa ce!"

"Na sani. Kina tsammani ban sani ba? Amma ina da ɗiya maza masu gemu, ina da surukai. In kika ce ƙarya yake, za a ce to mi ya faru. In aka ce mi ya faru, sai an kai ga dutsen nan. Gobe a Damagaram a ce ga tsohuwar da ta tuɓe gaban direbobi. Ke yarinya ce, za a yi a gaji a manta. Ni da shi za a binne ni. Ki bar shi, don Allah. Roƙonki nake."

Me zan ce? Na so in yi ihu har Madam ta ji daga sama. Na so in ce ni ma ina da uwa, ina da 'ya, sunana ba tsumman goge tukunya ba ne. Amma hannun nan da ya kama nawa shi ne yake ɓoye mini nama. Na ce, "Na bari, Inna." Shi ya sa da Umma ta kira na ce ta yi haƙuri. Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Na dai yi alkawari ne.

Likita ya ce ƙirjinta ba zai ƙara ɗaukar hayaƙin girki ba, sai masu gida suka yi mata takardun komawa gida gaba ɗaya. Madam ta yarda in raka ta filin jirgi. Baba Sale ne ya tuƙa mu, ya sauke akwatuna, ya ce zai jira a mota. A cikin filin ana ta sanyin na'ura, Inna tana sanye da baƙar jaket ɗina a kan abaya. Tun daga dutsen nan ba ta mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba. Muka zauna muna jiran a kira jirginsu. Sai na ga ta kama bakin hannun rigar tana murzawa tsakanin yatsu, ta ɗaga gefenta a tafin hannu ta sauke.

"Har yanzu ban yarda da ita ba," ta ce. "Ba ta da nauyin komi."

"To cire ki ba ni abata."

"Ki mutu. Bakanuwa da rowa."

Muka yi dariya, tata ta koma tari. Da tarin ya lafa ta juya tana kallon masu wucewa.

"Asubar ce ban tuna ba," ta ce. "Shagon na tuna shi sarai. Kin ce 'Inna, na ji,' kika tsaya. Mi ya hana ki ƙarasa?"

"Kunya, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"To ni ma ita ce."

Aka kira jirginsu. Ta ja zif ɗin har wuya, ta ɗauki ledarta, ta shiga layi. Ina tsaye har baƙar rigar ta ɓace a cikin mutane, sannan na koma na shiga bayan motar.

Amira, muddin Inna Rabi tana raye kada ki karanta wa kowa wannan, ko Umma. Alkawarin da na ɗauka ya hau kanki ke ma, ki yafe mini. In wani ya tare ki ya ce uwarki ta ƙwace wa tsohuwa riga, ba sai kin yi musu da shi ba, ke dai kin sani.

Jaket ɗin audugar tana wurina. Anti Rim ta jefa ta a kwandon shara, na ɗauko. Kwana huɗu ta yi a kan igiya kafin ta bushe. Tana ƙarƙashin gadona a cikin leda, kuma ko me zan bari a ƙasar nan ba zan bar ta ba. Ranar da na dawo zan ɗora miki ita a hannu biyu, ki ɗaga ki ji. Za ki ce riga ce mai kyau. Kowa haka yake cewa.